Amsar Wasiƙunku: Gyaɗa Mai Rami a Tsakiya

 Wasiƙu uku muka ɗauko yau.

Ta farko daga wani dattijo ce a yankin Gumel. Ya ce gonarsa jigawa ce, gyaɗa ta yi 'ya'ya, amma in aka raba ƙwaya biyu sai a tarar da rami a tsakiya, wani sa'in har da duhu. Yana tambaya ko iri ne ya lalace.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kada ka yi saurin ɗora wa iri laifi. Wannan rami sananniyar alama ce ta ƙarancin wani sinadari da ake kira boron. Ɗan kaɗan tsiro yake bukata, amma da shi yake gina sabon toho, da shi fure yake ɗaukar 'ya'ya. Tun 1923 wata masaniya, Katherine Warington, ta tabbatar a cibiyar bincike ta Rothamsted a Ingila cewa wani nau'in wake ba ya girma in babu shi.

Abin da nake so ka riƙe, Baba, shi ne boron ruwa yake bi. A narke yake cikin damshin ƙasa, saiwa tana shan sa tare da ruwa. Rairayi ba ya iya kama shi, don haka in marka ta sauka a watan Agusta, sai ta wanke shi zuwa zurfin da saiwar gyaɗa ba ta kaiwa sosai. Laka da ruɓaɓɓen taki su ne suke riƙe shi, suna saki kaɗan-kaɗan, jigawa kuwa duka biyun sun yi mata ƙaranci. In kuma ruwa ya ɗauke, saman ƙasa ya bushe, ɗan wanda ya rage ma ba ya isa ga saiwa. Ga shi yawancin amfanin gona ba sa iya kwaso boron daga tsohon ganye su kai wa sabo. Kwanakin da aka yi babu shi, toho da fure da ƙwayar da ke cika a lokacin su ne za su ji a jikinsu. Shi ya sa nake yawan roƙon manoman jigawa su daina kwashe karmami da harawa kaf ba tare da mayar wa gona kashin dabbobi ba.

Amma a lura: in kwanson ne gaba ɗaya babu ƙwaya, wannan ya fi kama da ƙarancin kalsiyam, kuma takin supa yana taimakawa.

Ta biyu wata baiwar Allah ce daga Maraɗi, mai lambu a fadama. Ta ce ƙasarta laka ce baƙa, kullum tana zuba mata tokar murhu, amma kututturen kabejinta yana yin kogo.

Hajiya, taki matsalar ta bambanta da ta Baba. Mai yiwuwa boron ɗin yana nan, ƙasa ce ta ƙi sakinsa. Toka tana rage tsamin ƙasa, haka farar ƙasa da kanwa. Da ma'aunin pH, wanda ke hawa in tsami ya ragu, ya haura 7, laka takan ƙara damƙe boron, riƙon ya fi tsanani wajajen 9. Ki sassauta toka, ki ƙara takin gargajiya da ya ruɓe sosai, ban-ruwa kuma ya zama a kai a kai. Ki duba yuriyar da kike zubawa, domin yawanta ma yana jawo wannan kogo.

Na uku wani matashi ne daga Kano, ya turo saƙon waya yana tambaya: ya sayo hodar boraks ya watsa a gona?

Ƙanena, tsaya tukuna. Boron kamar gishiri yake a miya, tazarar da ke tsakanin bai ji ba da ya yi yawa ƙanƙanuwa ce. Boraks yana ɗauke da boron kusan kashi 11 cikin 100. Abin da aka saba ba da shawara a kai shi ne kimanin kilo 1 na boron a hekta guda, wato kilo 9 zuwa 10 na boraks, a cakuɗa da yashi don ya bazu daidai, kada ya taɓa iri. In ya wuce kima, bakin tsofaffin ganye yakan yi rawaya ya ƙone, kuma wake da lemo suna cikin masu saurin jin ciwo. Masu noman rani a inda ƙasa ke fitar da gishiri su fi kowa taka-tsantsan, domin can boron taruwa yake yi. Manoman auduga a Kamaru da Chadi a cikin buhun takinsu ake haɗa musu shi, gwargwadon bukata.

Saboda haka ka fara ganin malamin gona, a ɗebi ƙasar gonarka a auna, ko a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ko wani ɗakin gwaji da ya fi kusa da kai. Kada ka watsa komai sai sakamako ya fito.

Lokaci ya cim mana. A ci gaba da aiko da wasiƙu, kuma don Allah a riƙa faɗa mana irin ƙasar gonar, jigawa ce ko fadama. Mu kwana lafiya.