Kula da Gashin Ɓeran Masar

Ko da yake ana kiransa ɓeran Masar, asalinsa daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka. Irin da ake kira ɗan Peru gashinsa kan wuce santimita 30. Idan ba a taje shi ba, sai ya cukurkuɗe ya jiƙe da fitsari, ƙudaje su yi ƙwai a ciki, tsutsotsi su ci fata, har dabbar ta halaka. Saboda haka akan taje shi kullum, a rage na bayansa da almakashi. Wanka kuwa sai da larura.

Abinci ma yana da tasiri. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C. Idan ya rasa ɗanyen ganye, sai gashin ya yi kaushi ya riƙa zubewa.