Yadda Ake Saita Tsohuwar Rediyon Oba-Oba da Tsohuwar Kwamfuta

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, har da Birnin Gwari, ba a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. Ko yau, duk wanda ya nausa gefen dajin Kamuku ya san yadda sabis ke ɗaukewa. Shi ya sa rediyon oba-oba ke da daraja a wajen 'yan sintiri da masu gonaki a nesa. Tsofaffin Motorola da Kenwood na gwanjo akwai ƙarko, sai dai ba sa jin juna sai an ɗora su kan mita ɗaya.

Fara da izini. Gwamnatin tarayya ce ke ba da mita, kuma a yankin da kowa ke ɗar-ɗar, rediyo babu takarda na iya sa a ɗauki mutumin kirki a matsayin ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Ka sanar da jami'an tsaro, kada kuma ka kusanci mitarsu.

Sai ka cire batir ka karanta lambar samfuri a bayanta. Nan za ka gane VHF ce ko UHF. Ba sa magana da juna, kuma a cikin duhuwar bishiyoyi VHF ta fi ratsawa.

Wajen kwamfuta ne aka fi shan wahala. Motorola GP300 da GM300 manhajar RSS suke ci, ita kuwa don DOS aka rubuta ta, a zamanin kwamfutoci masu nawa. Sabuwar kwamfuta takan yi mata sauri har sadarwa ta rikice. Nemi tsohuwa tukuf mai kafar COM ta ainihi, mai ƙusoshi tara, ka tashe ta kai tsaye a DOS, ba ta cikin Windows ba. Tsakaninta da rediyo ana sa ɗan akwatin RIB, ko waya mai shi a ciki. GP340 ta fi sauƙin kai: manhajar CPS a kan Windows XP ta ishe ta. Kenwood kuwa kowane samfuri da tasa manhajar KPG. In dole sai ka bi ta USB, nemi mahaɗi mai FTDI, domin jabun Prolific sun cika kasuwa.

Cika batirin rediyo da na kwamfuta. Kada ka dogara da wutar NEPA ko janareta mai tari. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, rediyon na iya mutuwa murus.

Haɗa waya, kunna rediyo, zaɓi COM1, sannan ka karanto abin da ke cikinta. Ajiye shi da lambar rediyon kafin ka taɓa komai. Shi ne madogararka in abu ya ɓaci. Daga nan shigar da mitar karɓa da ta aikawa a kowace tasha, cikin iyakar da samfurin ke ɗauka. Sautin PL da ake sa wa tasha yana rage hayaniya ne kawai, ba ya ɓoye zance, don haka ka ja kunnen masu riƙe rediyon kada su riƙa faɗin sunaye da wurare.

Danna rubutawa, ka ɗauke hannunka har ta gama. Kashe ta, kunna, ka gwada da wata rediyon a tsakar gida, sannan wani ya hau babur ya yi nisa yana kira har inda murya ta fara yankewa. Rubuta wannan wurin, kowa ya san iyakarta.