Yadda Ake Tantance Gidan Jinya Kafin a Kai Ɗan'uwa

A Karfi da sauran garuruwan manoma da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, tsoho a ɗakinsa yake tsufa, 'ya'ya da jikoki na kewaye da shi. Kai mahaifi gidan gajiyayyu abin kunya ne a wurin mutanenmu. Sai dai akwai lalurar da kan fi ƙarfin gida, kamar taɓin hankali, ko shaye-shaye, ko shanyewar ɓarin jiki. A nan ne dangi kan shiga neman inda za a ajiye mutum, sau da yawa cikin gaggawa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata na zagayowa aka bankaɗo irinsa a Daura. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Ga yadda ake kauce wa haka.

Da farko, likita ya ga mara lafiya. A kai shi babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa. In abin na ƙwaƙwalwa ne, ana iya tura shi asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko asibitin koyarwa na Shika. Wani, magani kawai yake buƙata ya ci gaba da zama cikin iyalinsa.

Na biyu, in ajiyewar ta zama dole, a nemi ganin takardar rajistar gidan daga hukuma, a ji sunan likita ko ma'aikacin jinyar da ke duba mazauna. Wanda ya ce “ai kowa ya san mu” a maimakon takarda, a yi masa sallama.

Na uku, a je ba tare da sanarwa ba, domin gani ya kori ji. Manomin da zai sayi sa na huɗa ba ya tsayawa kan bakin dillali, sai ya duba haƙori da kofato. A wuce zaure a shiga ciki. Hanci zai fara ba da labari, don zarnin fitsari ba ya ɓoyuwa. A dubi idon sawu da wuyan hannun mazauna, ko akwai tabon mari ko na igiya. A dubi bayansu, ko akwai shatar bulala. A keɓe da ɗaya ko biyu a tambaye su abin da suka ci jiya da dare.

Na huɗu, a duba ɗaki. Mutum nawa ke kwana a ciki? Akwai taga da gidan sauro? Ɗakin da aka cunkusa mutane ba iska, nan tarin fuka da sanƙarau ke yaɗuwa, musamman da bazara. In da kwaɗo ake kulle ƙofa ta waje da dare, wa ke riƙe da makulli idan gobara ta tashi? A ga ko keken guragu zai iya shiga ɗaki da banɗaki. Dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a samar da irin wannan hanya.

Na biyar, ruwa da abinci. Rijiya ta yi nisa da masai, randa da murfi, sabulu a bakin banɗaki. Mai ciwon suga da mai hawan jini kowa da irin cimarsa, wanda ba haƙora kuma a dama masa kunu ko a yi masa fate.

Na shida, magani da jinya. Kowane mazauni ya zama yana da littafin da ake rubuta abin da ya sha da lokacin. Wanda ba ya iya tashi, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambo zai fito masa a ƙugu da dunduniya. Mata su yi jinyar mata, maza su yi ta maza, kuma a san masu kwana a bakin aiki.

Na bakwai, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko da mai unguwa ne da liman: kuɗin wata, abin da ya ƙunsa, da 'yancin ziyara da ɗauke mutum duk ranar da aka ga dama.

Bayan an kai shi, kada a ɗauke ƙafa. Da kaka, lokacin da kowa ya duƙufa kan masara da auduga, a raba ranakun dubiya tsakanin 'yan'uwa. In aka ga rama ko rauni ko tsoro a idonsa, a ɗauke shi nan take, a sanar da 'yan sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa mai taɓin hankali haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Jama'a, wanda muka kai gidan jinya amana ce a wuyanmu, kuma biyan kuɗin wata ba ya sauke ta. Gidan da ya hana ku ganin ɗan'uwanku a duk lokacin da kuka zo, kada ku bari ya kwana a can.