Dam da Fadama: Darasi daga Kogin Haɗeja

Idan aka ce za a gina madatsar ruwa, watau dam, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne yawan ruwan da za a tara da faɗin gonakin da za a shayar. Injiniya kuma da ma'aunin yawa yake aiki: ruwa kaza ke shigowa a shekara, kaza za a riƙe, kaza za a saki. Amma a wurin masanin ilimin halittu akwai wani ma'auni da ya kai wannan muhimmanci, shi ne lokaci. Yaushe ruwan ke zuwa, kwana nawa yake yi kwance, kuma yaushe yake janyewa? Kifi da ciyawa da tsuntsu duk a kan wannan jadawali suka gina rayuwarsu. Babu inda wannan magana ta fito fili a ƙasar Hausa kamar fadamar Haɗeja da Nguru.

Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, ya rarrabu rassa-rassa, ya yi ta lalube a tsakaninsu har ya sadu da ruwan kogin Jama'are a wajajen Gashuwa. Daga nan ake kiransa Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta yankin Diffa, ya nufi tafkin Chadi. Kafin a gina dam, wajen watan Agusta da Satumba ruwa kan tumbatsa ya malale wannan fili. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliyar takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Da kaka ta wuce sai ruwa ya soma janyewa, kafin bazara ƙasa ta bushe ta tsattsage, ba abin da ya rage sai 'yan tafkuna.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka ambaliyar ce kaɗai albarka, bushewar kuwa hasara ce. Ba haka abin yake ba, domin kowace da aikinta. Ruwan farko na shigowa, kifaye irin su tarwaɗa da karfasa da kurungu sukan bar tsakiyar kogi su bi ruwa cikin ciyawa su zuba ƙwai. A can 'ya'yansu ke samun abinci daga ruɓaɓɓen ganye da kashin shanun da suka yi kiwo a wurin da rani, a can kuma suke ɓuya wa manyan kifaye har su yi ƙarfi. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi ita ke cika komar masunci a shekara mai zuwa. Gaiwa kuwa ta fi kowa sanin jadawalin nan: idan ruwa ya ƙafe sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta riƙa shaƙar iska ta wata 'yar kafa har damina ta dawo. Burgu da bado suna tashi tare da ruwa, giyayya da bagaruwa suna jure tsayuwa cikinsa watanni, muddin zai janye daga baya. Lakar da ruwa ya bari kuma ita ke ciyar da dubban tsuntsaye, na gida irin su kirinjijiya da ɗinya, da baƙi masu tsallako Sahara daga Turai don gudun sanyin hunturu. Manomi ya girbe shinkafa, ya bi ruwa yana shuka a danshin da ya bari, makiyayi ya biyo bayansa da shanu. Wani kaso na ruwan kuma yakan tsatsa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi.

A shekarar 1974 aka kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sa'an nan a 1992 aka gama na Challawa. Ba wanda zai musa amfaninsu. Tumatir da alkama da shinkafar Kadawa da Kura daga ruwan Tiga suke, birnin Kano ma da ruwan waɗannan koguna yake sha. Sai dai aikin kowane dam shi ne ya riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ta haka aka sauya jadawalin ta fuska biyu. Ambaliya ta ragu, har a 1984, da fari ya haɗu da datsewar, filin da ruwa ya rufe bai kai murabba'in kilomita 300 ba. Ta ɗaya fuskar kuma, rassan kogin da a da suke bushewa da rani sai suka daina bushewa.

Wannan fuska ta biyu ita ce ba a yi tsammani ba, kuma ita ta haifi kacala, ciyawar da masana ke kira Typha. Kacala ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, amma bushewar rani da kiwo da ƙarfin ruwan damina sun hana ta sakewa. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da ta samu haka sai ta miƙe, tsayinta ya wuce mutum, saiwoyinta suna rarrafe a ƙarƙashin laka, kan ta guda kuma yana fitar da dubban iri masu bin iska. Duk inda ta kafu takan rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Da wasu rassa suka cushe sai ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru, ya cinye gonaki a can, alhali ƙauyukan da ke bakin tsofaffin rassa suna kukan rashinsa. Jirgin masunci ba ya ratsa kacala, burgu ba ya tsira a inuwarta, sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya kuwa sun sami gida. Jan-baki ma ya sami maɓoya, daga ciki yake tashi ya faɗa wa shinkafa da gero. Wurin yana nan kore shar, wanda bai sani ba sai ya yaba, amma inda a da ake ƙirga tsirrai iri-iri yanzu iri guda ne ke mulki. Irin wannan ya faru a bakin kogin Senegal bayan gina dam ɗin Diama a 1986, abin da ke nuna cewa ba tsautsayi ba ne.

A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun kwatanta abin da ake samu daga ma'aunin ruwa guda idan aka bar shi ya malala fadama, da abin da ake samu idan aka karkatar da shi zuwa aikin noman rani na Kano. Da suka haɗa noma da su da itacen wuta, sai fadama ta yi rinjaye nesa ba kusa ba, ko da yake ba su sa kuɗin kiwo da na ruwan rijiya cikin lissafin ba.

Ina kamfanonin gine-gine suka shigo cikin wannan batu? Sun shigo tun daga teburin zane. Ana iya sa dam ya kwaikwayi damina, watau a buɗe shi sosai na 'yan makonni a daidai lokacin ambaliya, a kuma tsuke shi da rani har rassa su bushe. Amma hakan ba ya yiwuwa sai an gina ƙofofi masu girman da zai fitar da ruwan, kuma girman ƙofa ana yanke shi ne kafin a zuba kankare. Gyara daga baya yana da tsada ƙwarai. Haka kuma titin da aka ɗaga bisa tudun jar ƙasa ya ratsa fadama, idan kwalbatocinsa sun yi kaɗan, ƙaramin dam ne wanda ba a kira shi da sunansa ba: gefe guda ruwa ya kwanta, ɗaya gefen ya bushe. Lokacin da aka gina Tiga babu dokar da ta tilasta a duba irin waɗannan abubuwa. Sai a 1992 Nijeriya ta kafa Doka ta 86, wadda ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Amfanin nazarin kuwa ya danganta ga lokacin da aka yi shi. Wanda aka yi cikin wata guda da rani ba zai ga kifin da ke zuba ƙwai a Agusta ba, wanda aka yi bayan an gama zane kuma cika takarda ne kawai.

An gwada mayar da ambaliya a arewacin Kamaru. Dam ɗin Maga da katangar da aka gina a gefen kogin Logone a 1979 sun hana ruwa shiga fadamar Waza, ciyawar kiwo ta lalace, kifi ya ragu. A 1994 aka fasa katangar a wuri guda, ruwa ya koma ya rufe kimanin murabba'in kilomita 200, cikin 'yan shekaru ciyawa mai daɗewa ta soma dawowa, masunta da makiyaya suka biyo ta.

A gida kuwa, an sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, kuma a 2006 jihohi shida da ke cin moriyar wannan ruwa suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. An yi ta yashe rassa da yankan kacala, da hannu da injina, tana sake tsirowa duk inda ruwa bai bar ƙasa ta bushe ba. Kogin Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu ke kawo ambaliyarsa a kan lokaci, domin dam ɗin Kafin Zaki da aka soma a kansa a jihar Bauci an dakatar da aikinsa a 1984, ba a kuwa kammala shi ba.