Noman Lambu Ba Tare da Ƙasa Ba

Duk wanda ya san Kazaure da Roni da Gwiwa ya san duwatsu da tsakuwa sun cinye wani sashe na ƙasarsu, ga shi kuma ruwan sama yakan ɗauke tun daga Oktoba har wajen watan Mayu. Wanda ba shi da fili a fadama ko bakin dam, noman rani ya fi ƙarfinsa. To, amma binciken kimiyya ya nuna ba ƙasar kanta tsiro yake ci ba. Abin da yake nema a cikinta shi ne ruwa, da sinadaran abinci, da iska, da wurin kafa saiwa.

A wajen shekarar 1860 wasu masana biyu na Jamus, Sachs da Knop, suka raya tsirrai cikin ruwan da aka narka sinadarai a ciki. A 1937 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya yayata sunan wannan dabara, wato haidurofonik.

Ɗalibi na iya farawa da bokiti mai murfi, mai cin lita 10. Sai ya huda murfin, ya zura ƙaramin kofin roba da aka tsattsaga gindinsa, ya cika shi da wankakkiyar tsakuwa, sannan ya dasa latas a ciki. A zuba ruwan abinci har ya taɓa saiwar. Takin NPK kaɗai bai wadatar ba, domin tsiro na bukatar kalsiyam da magniziyam da ɗan sinadarin ƙarfe. Saboda haka a nemi takin da aka haɗa musamman don wannan noma. Ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5.

Babban abin lura shi ne numfashin saiwa. Yayin da tsiro ke sha, ruwan zai riƙa ja da baya, saiwar sama kuma ta samu sararin shaƙar iska. Idan aka sake cika bokitin maƙil, saiwar za ta shaƙe ta ruɓe. Har ila yau, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai: a zafin digiri 20 lita ɗaya na riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5. Don haka lokacin hunturu ya fi dacewa da mafari. A bazara sai a naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu. Murfin ya rufu ruf, don kada haske ya haifar da gansakuka, kada kuma sauro ya yi ƙwai a ciki.

Aikin aji: malami ya sa a tanadi bokiti biyu. A riƙa cika ɗaya kullum, a bar wa ɗayan sararin iska. Bayan mako 4 ɗalibai su ɗaga murafan, su kwatanta launin saiwoyin da yawan ganye, su rubuta dalilin bambancin.