Harshen Tsonga da Masu Jinsa

A can kudu maso gabashin Afirka akwai wani babban kogi, sunansa Limfofo, wanda ya ke zuba a Tekun Indiya. A ƙasashen da ke kusa da bakinsa ne kabilar Tsonga su ke zaune. Yawancinsu suna kudancin Mozambik da arewa maso gabashin Afirka ta Kudu, kaɗan kuma suna Zimbabuwe.

Harshensu yana cikin dangin harsunan Bantu, watau ɗan'uwan Zulu ne da Suwahili. Dubi yadda su ke sarrafa suna. Mutum ɗaya shi ne Mutsonga, jama'a Vatsonga, harshen kuwa Xitsonga. Bahaushe kan sāke ƙarshen kalma ya ce Hausawa, amma su farkon kalma su ke sākewa. A rubutunsu baƙin x “sh” a ke karanta shi. Saboda haka gaisuwarsu ta safe, avuxeni, sai a ce “abusheni”.

To, akwai wani suna kuma da a ke kiransu da shi, watau Shangan. Ga mafarinsa. Wajen shekarar 1820, da Shaka, Sarkin Zulu, ya ci Ndwandwe da yaƙi, sai wani jaruminsu mai suna Soshangane ya gudu arewa da mayaƙansa. Ya faɗa wa Tsonga, ya kafa mulkin Gaza a kansu. Abin mamaki, sannu a hankali zuriyar mayaƙan nan suka koma jin harshen talakawansu. Mulkin ya faɗi a 1895, sa'ad da Turawan Fotugal suka kama jikansa, Ngungunyane, amma sunan bai ɓace ba. Har yanzu waɗansu ba su son a ce da su Shangan, domin kakanninsu ba su taɓa bin Soshangane ba.

Waɗansu 'yan mishan daga Suwizalan ne suka fara buga littafi da harshen, a 1883. Tun daga 1994 yana cikin harsunan hukuma na Afirka ta Kudu, ana koyar da shi a makaranta, ana jinsa a rediyo. A Mozambik kuwa, harshen Fotugal ne kaɗai na hukuma.

Tambayoyi

1. Wane kogi ne ya ratsa ƙasar Tsonga?
2. Daga ina sunan Shangan ya samo asali?