IN INJIN JIRGI YA ƘI TASHI

Injin da ake ɗaurawa a bayan kwalekwale ya rage wa masunta da masu fito wahala ƙwarai. Amma tsohon inji, irin su Seagull na Ingila, wanda aka daina ƙerawa a 1996, da Johnson da Evinrude na Amurka, yakan ƙi tashi ran da aka fi bukatarsa. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, sa'an nan su ɗauki sifana su kwance komi. Duka biyu kuskure ne. In an ja sau shida bai tashi ba akwai dalili, ja na ashirin kuwa ba zai kawar da shi ba.

In a tsakiyar kogi ne, lalle a fara kai jirgi gaɓa da filafili ko gora, a ɗaure tukuna. Ruwan Kwara da damina ba ya barin jirgi wuri guda, noti kuma in ya faɗa ciki ya tafi ke nan.

Abu uku inji ke so: mai, da wuta, da matsi a cikin silinda. Sai a bi su ɗaya ɗaya, a fara da mai, gama nan laifin ya fi yawa. A duba ko an buɗe famfon mai, da ɗan sukurun da ke bisa murfin tanki. In sukurun nan na rufe iska ba ta shiga, mai kuma ba ya sauka. Wannan abu ƙanƙane ne, amma ya sha kunyata tsofaffin hannu. Fetur da ya kwana watanni a tanki ba ya kamawa da sauri, sai a zubar a gwangwani a sa sabo. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, shi ne kuwa zai fara isa kafireta.

Awon gaurin mai ya bambanta. Tsohon Seagull yana son kashi 10 na fetur da kashi 1 na baƙin mai. Waɗanda aka yi daga 1978, kashi 25 da 1. Johnson da Evinrude na kafin 1964 yawancinsu 24 da 1 ne, na bayan nan 50 da 1. Wanda ya rage baƙin mai don tattali, fistin zai saya.

Daga nan sai a kwance fulogi, domin shi ne mai ba da labari. In bakinsa a bushe yake bayan an yi ta ja, mai bai iso ba, watau tiyo ko kafireta ya toshe. In a jiƙe yake, mai ya yi yawa: a rufe famfo, a buɗe cok, a ja igiya sau da dama ba fulogi a ciki, a share shi a mayar. Gwajin wuta kuwa ga yadda ake yi. A maƙala wa fulogi wayarsa, a jingina gindinsa da ƙarfen inji, nesa da ramin da kuma man da ya zube, a ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ake nema. Ja-ja mai rauni ba ta isa ba. Tazarar bakin fulogin Seagull rabin milimita ce. In an sa sabon fulogi har yanzu ba wuta, laifin na ƙarƙashin faifan da igiya ke juyawa, ko kwantak ya yi datti, ko kwayil ya tsage don tsufa. Wannan aikin makaniki ne.

Matsi ba shi da wuyar ganewa. A toshe ramin fulogi da babban yatsa a ja igiya a hankali. In iska ba ta ture yatsan ba, ringi ya cinye.

Akwai wani abu guda da ya shafi Seagull musamman. Hayaƙinsa ta ƙarƙashin ruwa yake fita, don haka in kaya sun danne bayan jirgi har ƙafar inji ta nutse da yawa, ruwa kan tokare hayaƙin ya hana shi tashi, alhali lafiyarsa lau. Sai a matsar da buhuna da fasinja gaba, a sake ja. Da yawa daga cikinsu kuma ba su da giya, da inji ya kama farfela ta juya, saboda haka a tabbata ba mai wanka ko taru kusa da ita.